Nomau da Bindigar Sarkin Baka

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da ko kakanninmu ba a haifa ba, ana ce masa Nomau. Bawan Allah ne gajere, mai ƙaramar murya, marar hayaniya. Ba shi da sarauta, ba shi da garke. Gonarsa ma, in ka tsaya a wannan gefe kana iya miƙa wa na wancan gefe goro. Sana'arsa wankin bindiga.

To ku saurara. Mutumin nan da cinsa da shansa duk daga bindiga suke, a garin kaf babu mai tsoron ƙarar bindiga kamarsa. In maharba za su fita daji suna gwaji a bakin gari, Nomau yana ƙuryar ɗaki, ya cusa auduga a kunne, ya lulluɓa da zanen matarsa Tabawa. Bai taɓa harbin ko kurciya ba. Amma tsoro ya sa kunnensa ya yi kaifi. Daga cikin zanen nan sai ka ji ya ce, "Wannan ta wane ce, ya cika mata albarushi." Kuma in an bincika, haka ne.

Bindigogin lokacin na ɗuri ne. Ta baki ake zuba albarushi, awo ɗaya da ɗan ƙaho, a tura harsashi, a danna. In an harba, hayaƙi yana barin baƙar dauɗa a ciki, in an ƙyale ta kuwa sai tsatsa. To ga yadda Nomau yake yi. Zai tafasa ruwa, ya toshe ɗan ramin wuta da tsinke, ya ɗura ruwan zafi ya girgiza ya zubar, ya sake, ya sake, har ruwan ya fito fari. Sai ya naɗa tsumman tsohon zane a kan sandar itace da ya goge ta sumul, ya zura ta a miƙe, a hankali, ba ya yarda ta goga bakin bindiga. Ya shanya ta bushe sarai. Sannan ya lakato man kaɗanya ɗan kaɗan ya shafe cikin. Ba ya sa yashi, ba ya sa ƙarfe. Bindiga ɗaya sai ta cinye masa hantsi guda.

Maharba suna yi masa ba'a, suna cewa, "Nomau, an gama wa jaririyar wanka? Ko sai an sa mata kwalli?"

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Saura kaɗan."

Suna ba'a, amma suna kawowa, don wadda ya wanke inda aka nuna ta nan take zuwa. In sun dawo daga daji su aiko masa da cinya ko haƙarƙari, da haka gidansa yake cin nama.

Mutum ɗaya ne ba ya kawo tasa, shi ne shugaban maharban, Sarkin Baka Jatau. Dattijo ne ƙaƙƙarfa, mai gashin baki, mai son a yabe shi. Yana da bindiga da ya gada daga kakansa, har suna gare ta, Tsawa. Yana son bindigar nan so mai tsanani, bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Kowace Juma'a da safe zai aika a ɗebo masa yashin kogi, ya jiƙa, ya zuba a cikinta, ya ɗauko sandar ƙarfe ya yi ta dirza, ya yi ta dirza, yana gumi. In ya gama ya ɗaga ta ga rana ya kira mutane.

"Ku leƙa. Wa ya taɓa ganin cikin bindiga yana walƙiya haka?"

A leƙa a ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Shekara ashirin yana wannan. Shekara uku na ƙarshe kuwa, ku ji da kyau, bai sami ko zomo ba. Ya auna gada, ya kakkaɓo 'ya'yan kuka. Ya auna zabuwa, ya fasa amyar zuma, ranar maharba suka shigo gari da gudu kowa fuska a kumbure. Amma yana da aboki, wani tsoho dogo mai suna Cindo, mai yi wa maharba kiɗan komo, shi kuwa Cindo ba ya rasa bayani. In harsashi ya bi dama, sai ya ce Sarki ya yi wa gadar afuwa don tana da ciki. In ya bi hagu, ya ce namun dajin bana an ba su asiri. Sarkin Baka ya yi ta ɗaura wa Tsawa layu har ta yi nauyi.

Ana nan, wata shekara da kaka dorina ta fito daga kogi ta shiga cin shinkafar mutane. Mai gari ya aika wa Sarkin Baka. Sarkin Baka ya ce jibi zai fita da kansa. Amma kafaɗarsa ta riƙe saboda dirza, ba ya iya ɗaga sandar ƙarfe. Dole ya saɓi Tsawa, ya taka har ƙofar Nomau, karo na farko.

"Kai Nomau, ga ta. Ka goge mini ita ta yi haske. Fatar dorina kauri gare ta, awo biyu zan zuba."

"To, ranka ya daɗe."

Da ya tafi, Nomau ya zauna ya kwance layu ɗaya bayan ɗaya. Ya zura babban yatsansa a bakin bindiga, yatsa ya shige ya juya ya dawo, ko gefe bai taɓa ba. Ya ƙwanƙwasa gindinta da farce, wajen da albarushi yake kama wuta, ya ji tana amsawa kamar tsohon gwangwani. Yashi ya cinye ƙarfen. Nan ya gane dalilin da harsashi yake bin inda ya ga dama. Ya kuma gane in aka zuba awo biyu, to ba ta baki wutar za ta fita ba, ta wajen kuncin mai harbi za ta fita.

Yana nan zaune da bindiga a cinya, sai Tabawa ta leƙo.

"Malam, lafiya? Ka yi zuru kamar an aiko maka da sammaci."

Ya gaya mata. Tabawa mace ce mai saurin dabara, ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Ka jefa ta rijiya, ka ce ɓarawo ya shigo."

"Ɓarawo bai shigo ba."

"To ka ce ka yi mafarki, aljanun kogi sun ce kada a harba ta."

"Ban yi barci ba balle mafarki."

"To ka wanke ka miƙa masa ka yi shiru. Kai ka haƙe ta?"

"In na yi shiru ya rasa kansa, ranar gobe me zan ce?"

Tabawa ta tafa hannu ta ce, "Wato kai, da ko akuya ba ka iya tsawata wa, za ka je ka gaya wa Sarkin Baka shi ya kashe bindigar kakansa da hannunsa. Allah ya ba da sa'a. Ni dai bari in leƙa tukunya, wataƙila naman ƙarshe ke nan."

Ku lura da abin da bawan Allah nan ya yi. Bai tsaya a kasuwa ya faɗa ba. Bai gaya wa maharba ba. Ya jira har aka sauko daga azahar, ya sami Sarkin Baka a zaure, ya roƙi a ba su wuri. Kowa ya fita ban da Cindo, wanda ya ce shi ƙafarsa ta yi sanyi. Nomau ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Tsawa ta tsufa."

"Ni ma na tsufa. Sai me?"

"Cikinta ya zaizaye. Yashin nan, yana fitar da dauɗa, amma yana tafiya da ƙarfe. In aka zuba awo biyu za ta fashe."

Gashin bakin Sarkin Baka ya motsa. "Wa yake sa mata yashi?"

Nomau ya dubi ƙasa. "Wanda ya fi kowa son ta, ranka ya daɗe."

Cindo ya kwashe da dariya. "Ka ji mai lulluɓa da zanen mace yana koya wa Sarki bindiga. Sarki, hassada ce. Nasa wankin ba ya walƙiya."

Sarkin Baka ya miƙa hannu. "Ba ni abata."

"Taka ce, ba zan hana ka ba. Amma ina roƙon abu ɗaya. A ɗaure ta a jikin itace, a zuba awo biyun, a ja kunamar da doguwar igiya daga nesa. In ta fashe, itace ta samu."

"In ba ta fashe ba fa?"

"To na yi kuskure, ka yi mini hukunci."

"Ka bar mini gari, kai da tsummokaranka."

Nomau ya ce, "To."

Da ya koma gida ya faɗi yadda suka yi, Tabawa ta ce, "To ka ce? Gari ne fa, Malam, ba tabarma ba. Kabarin uwata yana nan."

Ya ce, "Na sani."

Washegari da hantsi gari ya taru a gindin wata tsamiya a bayan ganuwa. Shi Nomau ya so a yi abin a ɓoye, amma Cindo ya bi unguwa-unguwa ya yi shela. Aka ɗaure Tsawa a jikin tsamiya. Nomau ya kawo kabewa ya ɗora daidai inda kuncin mai harbi yake zama. Cindo, don a ƙara dariya, ya roƙi hular Sarkin Baka ya kafa wa kabewar, har da karkata ta gefe.

To maharban garin suna da al'ada. In babba zai yi ɗuri, juya baya yake yi, ya rufa da babbar riga, yana karanta abin da ya gada, ba a kallo. Haka Sarkin Baka ya yi. Ya daɗe a ƙarƙashin riga. Da ya fito ya ce, "Mai maganar shi zai ja igiya."

Aka miƙa wa Nomau igiya. Ya laluba aljihu zai sa auduga, Cindo ya fizge ya ce, "A'a, yau da kunnenka za ka ji." Nomau ya koma bayan wani suri ya tsuguna, ya runtse ido, ya yi bisimilla har sau bakwai, mutane suna ƙirgawa. Sannan ya ja.

Bindiga ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, harsashi ya je ya huda tulun wani mai kallo da yake can gefe inda ba wanda ya zata. Hayaƙi ya washe. Ga Tsawa lafiya lau. Ga kabewa zaune da hularta.

Wuri ya kaure da sowa, Cindo ya hau kiɗa, yana rawa da dogayen ƙafafunsa. Amma Nomau ya ji abin da ya ji. Wannan ƙara ba ta awo biyu ba ce. Ko awo ɗaya ba ta kai ba, rabi ne, tari kawai bindigar ta yi. In akwai wani maharbi da ya lura, to ya haɗiye abinsa.

Nomau ya miƙe ya buɗe baki. Kalma uku za ta ishe shi, gidansa ya tsira. Sai idonsa ya faɗa kan Sarkin Baka. Dattijon ba ya dariya. Gumi yana bin gashin bakinsa, ga jikokinsa sun kewaye shi suna tsalle. Ya dubi Nomau, Nomau ya dube shi, kowa ya san abin da ɗayan ya sani.

Ku saurara, jama'a, nan ne wurin. Nomau ya rufe bakinsa.

Aka raka shi gida da waƙar ba'a. Tabawa tana ɗaure tukwane tana faɗa, ta ce da ta sani da ta auri mai wankin kwarya, don ba a taɓa korar kowa a kan kwarya ba. Shi dai yana naɗe tsummokaransa. Bayan la'asar ya sake komawa zauren Sarkin Baka, ya yi sa'a Cindo ya tafi karɓar tukuici.

"Me kuma ya kawo ka?"

"Sallama na zo yi, ranka ya daɗe. Gobe da safe za mu tashi. Amma rabin awo ka zuba."

Sarkin Baka ya kau da kai. Nomau ya ci gaba.

"Ban gaya wa kowa ba, ko mai ɗakina, kuma ba zan faɗa ba. Abu ɗaya nake roƙo. In ka je wajen dorina, kada ka zuba biyu. Ka ari ta wani, ka ce Tsawa ta fi ƙarfin dorina. Cindo zai samo maka bayani."

"Fita."

Ya fita.

Da gari ya waye suka ɗauki kaya, shi da ƙunshi a ka, ita da tukwane, suka kama hanya. Tabawa tana tafe tana lissafa masa maƙwabtan da za ta yi kewarsu, har da waɗanda ba sa ga maciji da ita. Ba su wuce gonakin bakin gari ba sai suka ji ƙara daga wajen tsamiya, irin wadda ta sa tsuntsaye suka tashi daga kogi gaba ɗaya.

Nomau ya tsaya cak. "Awo biyu," in ji shi. "Kuma ba harbi ba ne. Ta fashe."

Ya yar da ƙunshi. Mutumin da duk rayuwarsa in ya ji bindiga ɗaki yake nufa, ranar wajen ƙarar ya nufa da gudu, yana salati, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ba. A ransa ya gama ganin gawa.

Da ya isa, ga Tsawa a jikin tsamiya, gindinta ya tsage ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Kabewa babu ita. Hula ta zama zare-zare a kan reshe. Can bayan suri kuwa ga Sarkin Baka zaune dirshan a ƙasa, shi kaɗai, igiya a hannu, 'ya'yan kabewa sun manne masa a gashin baki, ɓargonta yana gangarowa daga rawaninsa.

Nomau ya durƙusa yana haki. "Ranka ya daɗe, ba ka ji rauni ba?"

"Me ka ce?"

"Na ce ba ka ji rauni ba?"

"Ɗaga murya, kunnena ya toshe."

Karo na farko ke nan da aka ji Nomau ya yi magana da ƙarfi. Sarkin Baka ya shafa kuncinsa, ya shafa ɗayan, ya dubi inda kabewa take a da. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Jiya na so in zuba biyun. Na ɗebo, hannuna ya ƙi. Na kwana ina jin haushinka, da asuba na ce bari in zo ni kaɗai in tabbatar maƙaryaci ne kai." Ya ciro ɗan kabewa daga gashin baki ya duba. "Don me ba ka tona ni ba?"

"Kanka nake so ya tsira, ranka ya daɗe. Ba kunyarka nake nema ba."

Kafin nan mutane sun fara isowa, Cindo a gaba. Ya dubi tsamiya, ya dubi Sarki, nan take ya gyara murya. "Jama'a, Tsawa ta ga babu namijin da ya isa ya gaje ta, shi ya sa ta zaɓi..."

"Cindo, rufe mini baki," in ji Sarkin Baka.

Ya dafa kafaɗar Nomau ya miƙe. A gaban kowa, da kabewa a rawani, ya faɗi abin da ya yi jiya a ƙarƙashin riga, da abin da Nomau ya sani ya kuma rufe. Babu wanda ya tilasta shi. Ya ce a je a ɗauko kayan bawan Allah nan a mayar masa gida, shi da kansa zai ɗauki tukwanen. Tabawa ta ce a'a, ta gode, ta ga yadda yake kula da abin da yake so.

Dorina kuwa, ranar da yamma maharba suka fita da bindigoginsu marasa walƙiya, suka kora ta kogi, shinkafar da ta rage ta tsira.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so mu ɗauka. Gaskiya wajibi ce, ko da za ta raba ka da gidanka. Da Nomau ya yi shiru tun farko, da an yi jana'iza. Amma faɗin gaskiya daban, neman a ga kai ne mai gaskiya daban. Da yawanmu muna da ta farkon ne kawai in ta biyun za ta biyo baya. Ka ga kuskuren ɗan'uwanka, ba za ka same shi shi kaɗai ba, sai an taru wajen suna. Ki ga maƙwabciyarki ta yi abin da zai cuce ta, ba za ki shiga ɗakinta ki ja labule ba, sai a bakin rijiya, da murya yadda na bayan layi za su ji. Daga nan ta ƙi ji, ki ce ai kin faɗa. Ba ki faɗa don ta tsira ba, kin faɗa don a ce kin faɗa.

Kowa a nan yana da wanda yake shirin cutar da kansa, miji ko ƙani ko aminiya, kuma kun san shi, yanzu haka sunansa ya zo muku a rai. Ku je ku same shi yau, shi kaɗai. Ku faɗa masa a fili, kada ku rage komai. In ya kore ku, ku koma. In kuma dama ta zo ta kunyata shi a gaban mutane, ku bar ta ta wuce. Allah ya ba mu ikon faɗa, ya ba mu ikon rufewa, ya rufa mana namu asirin duniya da lahira.